Rabon Iko Tsakanin Gwamnatin Tarayya da Gwamnatocin Jihohi

1.0 Gabatarwa

Nijeriya tarayya ce mai jihohi 36, da Babban Birnin Tarayya Abuja, da ƙananan hukumomi 774. Abin nufi da tarayya shi ne ba a tattara iko a hannu ɗaya ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya raba shi tsakanin gwamnatin tsakiya da gwamnatocin jihohi. A wannan darasi za a duba yadda rabon yake da kuma yadda ya shafi aikin malami.

2.0 Rassan Gwamnati

Kowane mataki yana da rassa uku: na yin doka, da na zartarwa, da na shari'a. A matakin tarayya, yin doka aikin Majalisar Dattawa ne mai kujeru 109, da Majalisar Wakilai mai kujeru 360. Shugaban Ƙasa ke jagorantar zartarwa, Kotun Ƙoli kuma ita ce ƙololuwar shari'a. A jiha kuwa majalisar dokoki ɗaya ce, kujerunta ba sa gaza 24, ba sa wuce 40, Gwamna kuma shi ne shugaban zartarwa.

3.0 Yadda Aka Raba Iko

Kundin ya kawo jeri biyu. Na farko ya ƙunshi al'amuran da suka keɓanta ga tarayya, kamar tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da buga kuɗi. Na biyu shi ne na haɗaka, inda tarayya da jiha kowacce ke iya yin doka. Idan dokokin biyu suka ci karo, ta tarayya ce ke rinjaye. Abin da bai shiga jerin biyu ba, kamar sarautun gargajiya, na jiha ne. Rabon yakan sauya: gyaran 2023 ya mayar da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali cikin jerin haɗaka.

4.0 Misali Daga Fannin Ilimi

Ilimi na cikin al'amuran haɗaka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin asusun Gwamnatin Tarayya domin tallafa masa. Sai dai jiha ba ta samun tallafin gine-gine sai ta ajiye nata kason daidai da na tarayya. Idan ta gaza, kuɗin na nan ajiye a Abuja, yara kuma suna zaune a ƙasa. Ɗaukar malaman firamare da biyansu kuwa yana hannun jiha da ƙananan hukumomi.

5.0 Kammalawa

Malamin da ya fahimci wannan rabo ya san ƙofar da zai buga idan rufin aji ya yaye ko albashi ya makara. Haka kuma zai iya koya wa ɗalibansa, cikin Hausa, wanda ya kamata su tuhuma a kan kowane haƙƙi nasu.

Auna Fahimta

1. Bambanta jerin keɓantattun al'amura da jerin haɗaka.
2. Bayyana rawar da jiha ke takawa wajen samun tallafin ilimin bai-ɗaya.