Moto Mai Wayoyi Shida Babu Lamba: A Gwada Kafin a Ba Shi Wuta

A wannan fitowa za mu yi magana a kan abin da ya jawo wa wata ƙungiyarmu hasara a kakar bara, domin kada ya sami wata.

Tun da man gas ya yi tsada, musamman daga 2022, kana aka janye tallafin fetur a 2023, ƙungiyoyin gama kai da yawa a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan sun fara tunanin jingine tsohon injin Lister su koma ga lantarki. Inda wuta mai layi uku ta iso gari, sai a sayi moto, watau injin nan da lantarki ke juyawa, a ɗaura masa bel ya ja injin niƙa, ko na casar shinkafa, ko na matsar rake, ko famfon ban ruwa a lambun tumatir. Sabon moto yana da tsada, saboda haka yawancinmu na hannu muke nema. Akwai su a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Waɗansu daga ƙasashen waje suka zo, waɗansu kuwa daga masana'antun da suka daina aiki, gama kun san yadda masaƙu suka yi ta rufewa a Kaduna, KTL a 2002, UNTL kuma a 2007. Irin waɗannan tsofaffin moto sau da yawa suna da ƙwari ƙwarai. Amma sau da yawa kuma za ka tarar allon ɗaure wayoyin ya fashe, wayoyi shida sun leƙo waje, duka baƙaƙe, babu lamba ko ɗaya.

Abin da ya faru

Wata ƙungiya a wani ƙauye na ƙasar Ikara ta sayi irin wannan moto mai ƙarfin doki 10. Rabin kuɗin daga Zumuntar Mata ya fito, daga cinikin barkonon da suka noma tare, domin su huta da kai niƙa wani gari. Ranar da aka kawo shi, murna ta hana jira. Aka kira wani saurayi mai sa wuta a gidaje, yaron kirki ne, amma bai taɓa haɗa moto mai layi uku ba. Ya ɗaure wayoyi uku wuri ɗaya, ya ba sauran ukun wuta. Moto ya yi gurnani bai tashi sosai ba. Ya sāke haɗi, ya sāke gwadawa. A karo na uku aka bar shi yana gurnani ana tura fuli da hannu, ana cewa zai kama. Sai wari ya tashi, hayaƙi ya biyo baya. Koyil ya ƙone. Kuɗin naɗin sabon koyil ya ci buhunan masara da dama, mata kuma suka ci gaba da ɗaukar hatsi a ka har bayan Kirsimeti.

Da muka je muka ga abin, ba mu ga laifin yaron kaɗai ba. Shugabanni suna tsaye a wurin, babu wanda ya san tambayar da zai yi. Shi ya sa muka rubuta wannan. Ba muna so kowane manomi ya zama mai gyaran wuta ba ne. Muna so dai shugaba da ma'aji su san abin da ya kamata su gani ana yi kafin su yarda a ɗaga makunni.

Abin da ke cikin moto

A cikin moto mai layi uku akwai koyil uku, watau naɗin wayar jan ƙarfe kashi uku. Kowane koyil yana da kai da gindi, shi ya sa wayoyin suka zama shida. A moton zamani ana rubuta kawunan U1, V1, W1, gindin kuwa U2, V2, W2. A tsofaffin moton Jamus za ku ga U, V, W da X, Y, Z. A tsofaffin na Ingila kuwa A1, A2, B1, B2, C1, C2.

Koyil ukun nan suna aiki kamar mata uku masu lugude a turmi ɗaya. Wannan ta sauke taɓarya, wannan ta ɗaga, kowace da lokacinta, aiki yana tafiya. In ɗaya ta saɓa, sai taɓare su yi karo. Haka moto yake. In aka juya koyil ɗaya, aka sa gindinsa inda kansa ya kamata, sai ya riƙa ja da sauran biyun. Moto ya yi ta ƙugi, ya sha wuta fiye da kima, ya yi zafi, cikin 'yan mintoci ya ƙone. Saboda haka tambayoyi uku ne tilas a amsa: waɗanne wayoyi ne na koyil ɗaya, wanne ne kai wanne ne gindi, kana wane irin haɗi moton yake so.

Kayan gwajin ba su da yawa: mita mai allura irin ta masu gyaran rediyo, batirin babur ko batiran tocila, tef na takarda da biro. Dukan gwajin nan ana yinsa ne moto yana ƙasa, babu wata waya tasa da ke haɗe da layin wuta.

Mataki na 1: nemo abokan juna

A manna tef a kowace waya, a rubuta 1 zuwa 6 yadda aka ga dama. A sa mita a wajen auna om. A riƙe waya ta 1 da bakin mita ɗaya, a bi sauran da ɗaya bakin. Wadda allura ta motsa a kanta, ita ce abokiyar ta 1. Haka za a yi har a sami biyu-biyu kashi uku. A rubuta abin da mita ta nuna a kowane kashi. Om kaɗan ne, amma lalle ukun su yi kusan daidai. In ɗaya ya bambanta da nisa, ko wata waya ta rasa abokiya, moton yana da ciwo, a kai shi wurin mai naɗin koyil.

Mataki na 2: a tabbata wuta ba ta zuba a jiki

A kankare fenti kaɗan a jikin moto, a auna tsakanin kowane koyil da ƙarfen jikin, kana tsakanin koyil da koyil. Kada allura ta motsa ko kaɗan. Mita ta hannu babbar ɓarna kaɗai take nunawa, saboda haka ya fi kyau mai naɗin koyil ya sa na'urarsa da ake kira mega, mai bolt 500. In ta nuna ƙasa da om miliyan 1, kada a ba moton wuta. Sau da yawa laima ce ta shiga, musamman in ya yi damina a waje. A buɗe shi a shanya kwanaki, a sāke aunawa. Wannan mataki shi ke tsare ran yaron da zai dafa injin da jiƙaƙƙen hannu.

Mataki na 3: kai da gindi

A ɗauki kashi na fari, a ce da waya ɗaya U1, ɗayar U2. Ko wacce aka zaɓa daidai ne, sauran ne za su bi ta. A mai da mita wajen mafi ƙanƙantar awo na wutar batir, a ɗaura bakunanta biyu a wayoyin kashi na biyu. A haɗa U2 da ƙafar batir mai alamar ragi. Sa'an nan a ɗan taɓa U1 a ƙafar batir mai alamar tarawa, ido yana kan allura.

A daidai lokacin taɓawa allura za ta yi ɗan tsalle. In ta yi gaba, watau dama, to wayar da ke kan baƙin bakin mita ita ce V1, ta kan jan bakin kuwa V2. In ta yi baya, a musanya bakunan mita a sāke. Ku lura, sa'ad da aka ɗauke waya daga batir allura takan yi tsalle ta ɗaya gefen. Tsallen taɓawa ake dubawa, ba na ɗaukewa ba. Kada a bar waya a kan batir, kada kuma a riƙe tsiraicin waya da yatsa, gama koyil yakan yi harbi lokacin ɗaukewa. A mai da mita kan kashi na uku, a yi haka nan, a sami W1 da W2.

Mataki na 4: a tabbatar

A ɗaure U1, V1, W1 wuri ɗaya, a ɗaure U2, V2, W2 wuri ɗaya, a sa mita tsakanin ƙullin biyu tana nan a ƙaramin awonta. A juya sandar moto da hannu. In an yi daidai, allura za ta tsaya cik ko ta ɗan girgiza kaɗan. In tana lilo sosai, akwai koyil da aka juya. Domin a kawar da shakka, a juya koyil ɗaya da gangan a gani ko allura za ta yi lilo, sa'an nan a mai da shi yadda yake. Nan take a cire tef na wucin gadi a sa lamba ta dindindin.

Sita ko dalta

Haɗi iri biyu ne. A haɗin sita ana ɗaure U2, V2, W2 wuri ɗaya, a ba U1, V1, W1 wuta. A haɗin dalta ana haɗa U1 da W2, V1 da U2, W1 da V2, a ba kowane ƙulli layi ɗaya. Wutar layi uku a ƙasarmu bolt 400 zuwa 415 ce tsakanin layi da layi. A goge ɗan farantin bayani da ke jikin moto a karanta. In an rubuta 220/380 ko 230/400, sita yake so. In an rubuta 380/660 ko 400/690, dalta yake so.

Kuskure a nan yana da tsada. Moton sita da aka haɗa dalta, kowane koyil nasa zai sha wuta sau 1.73 na abin da aka yi shi domin ta, ba zai daɗe ba. Moton dalta da aka bari a sita zai juya lafiya ba kaya, amma kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa kaɗai zai bayar, da an zuba masara sai ya sare ya yi zafi. In farantin ya ɓace, a fara da sita, gama ita ce ba ta ƙona moto ba kaya, kana a bar gwani ya yanke hukunci bisa ga awon da ya samu. Galibi ƙananan moto har zuwa ƙarfin doki 4 sita suke so, manya kuwa dalta, amma wannan al'ada ce kawai, ba doka ba.

Ranar kunnawa

Wannan aikin ƙwararren mai wuta ne, ba na ɗan koyo ba. A fara ɗaura wayar ƙasa a jikin moto. A cire bel. A tabbata akwai fis da sitata mai yanke wuta in nauyi ya yi yawa, gama a ƙauyukanmu layi ɗaya yakan ɗauke ya bar biyu, moto kuwa in ya ci gaba da layi biyu ƙonewa zai yi. A kunna, a kasa kunne. Moto mai lafiya yakan tashi nan da nan da ƙara mai laushi. In ya yi gurnani, a kashe tun kafin a ƙirga uku. Kada a tura fuli da hannu. A sa mita mai maƙalawa a kowane layi. Awon ukun su yi kusan daidai, kuma ba kaya yakan zama wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin abin da ke kan faranti. Moto mai ƙarfin doki 10 yakan sha kimanin amfiya 15 da cikakken kaya. In yana juyawa baya, a kashe wuta a musanya layi biyu cikin ukun.

In wayoyin sun fi shida, a dakata. Moto mai wayoyi tara galibi na Amurka ne, mai bolt 230/460, an yi shi domin wutar da ke bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu kuwa sau 50 ce. Zai iya aiki a haɗin 460, amma gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida. Gane wayoyinsa ya fi wuya, a kai shi Zariya ko Kano wurin masu naɗin koyil.

Aikin shugabanni

Wata biyu bayan wancan hasara, wata ƙungiya a wajen Maƙarfi ta sayi nata moton domin matsar rake. Su sun ji labari, suka ƙi gaggawa. Muka zauna da mai wutarsu a ƙarƙashin darbejiya a bakin majami'a, muka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, magatakarda yana rubutawa. Bai kai sa'a biyu ba aka gama. Moton yana nan yana aiki.

Ga shawararmu. Ku tafi kasuwa da mai wutarku da mitarsa, ku yi mataki na 1 da na 2 a gaban mai sayarwa kafin ku biya. Kada ma'aji ya yarda a ba moto wuta sai ya ga lamba a kowace waya. Magatakarda ya kwafe dukan abin da ke kan faranti, da irin haɗin, da awon da aka samu, cikin littafin ƙungiya, domin tef yakan ɓalle, mai wuta kuma yakan ƙaura. In kuna da saurayi mai sha'awar aikin, ku tura shi koyo wurin mai naɗin koyil ko da na rani ɗaya ne.

Kuɗin ƙungiya amana ne. A cikinsa akwai gumin gwauruwa da na tsoho mai gona ɗaya. Mai tambaya ba ya ɓata, rigakafi kuma ya fi magani. Ku karanta wannan a taronku na wata, in akwai abin da bai fita sarai ba ku aiko mana ta hannun fastonku ko mai bishara. Ubangiji ya kiyaye ku, ya sa albarka a amfanin gonarku.