Dabarun Tsara Takardar Neman Tallafin Bincike: Misali Daga Dosara da Yankin Bakalori

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake tsara takardar neman tallafin kuɗin bincike, tare da mayar da hankali a kan manazartan Hausa. An ɗauki Dosara ta ƙaramar hukumar Maradun, da yankin madatsar ruwa ta Bakalori wanda ya haɗa Maradun da Talata Mafara da Bakura, a matsayin misalin da za a gwada bayanan a kansa. An tattauna zaɓen mai ba da tallafi da fito da matsalar bincike da hanyoyin aiki da batun tsaro da kasafin kuɗi.

1.0 Gabatarwa

Sanannen abu ne cewa yawancin binciken da ake yi a sassan Hausa na manyan makarantu daga aljihun mai shi yake fitowa. Ɗalibi ko malami zai tsakuri albashinsa ya je ƙauye sau ɗaya ko sau biyu, ya yi hira da mutum huɗu ko biyar, sannan ya cike sauran da abin da magabata suka rubuta. Illar haka ita ce, batutuwan da ke buƙatar dogon zama a fagen bincike ana kauce musu, dattawan da ke riƙe da iliminsu kuma suna ta komawa ga Ubangiji. Ga shi kuwa akwai kafofin tallafi a gida da waje. Abin da ke tsakanin mai bincike da su shi ne takardar nema, wadda rubutu ne mai nasa ƙa'idoji, dabam da kundin digiri ko maƙalar mujalla.

2.0 Sanin Ƙofar da Za a Ƙwanƙwasa

Kafa ta farko a Nijeriya ita ce asusun TETFund, wanda dokar shekarar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilimi na 1993. Yana da tallafi iri biyu da suka shafi bincike kai tsaye. Akwai ƙarami da ake kira IBR, wanda ake nema ta hannun makarantar da mutum yake koyarwa, kuma a baya an daɗe ana ƙayyade shi a kan naira miliyan 2. Akwai kuma babba na ƙasa baki ɗaya, wato NRF, wanda ake farawa da gajeriyar takardar share fage. Wanda ya tsallake ta ne ake neman ya kawo cikakkiyar takarda, daga nan ya je ya kare ta a gaban kwamiti. Malaman makarantun gwamnati ne ke cin gajiyar asusun. Saboda haka ɗalibin babban digiri da ba ma'aikaci ba, hanyarsa ita ce ya shiga ayarin wani gogaggen malami, misali a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara.

A waje kuwa akwai shirin EAP na Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004 da kuɗin gidauniyar Arcadia, domin ɗaukar hoton tsofaffin takardu da ke fuskantar lalacewa. Sharaɗinsa shi ne asalin takardun ba ya barin ƙasarsu, hotunan kuma za a ɗora su a intanet kowa ya gani. Gidauniyar dai ita ke ɗaukar nauyin shirin MEAP na jami'ar UCLA a Amurka, wanda ya fi karkata ga kayan ƙarni na 20, har da kaset-kaset. Akwai kuma CODESRIA da aka kafa a 1973 a Dakar, mai tallafa wa binciken zamantakewar Afirka.

Bambance waɗannan yana da muhimmanci, domin takarda mai kyau tana faɗuwa idan ta shiga gidan da ba nata ba. Shirin ELDP, alal misali, na harsunan da ke gab da ɓacewa ne. Wanda ya kai masa aikin Hausa, harshen da miliyoyi ke magana da shi, ya ɓata lokacinsa. Mai son adana kaset-kaset na waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo Maradun ko Sa'idu Faru, MEAP ya fi dacewa da shi a kan EAP. Mai son ceto rubuce-rubucen ajami da ke gafakar malaman Bakura kuwa, EAP ne gidansa.

3.0 Fito da Matsalar Bincike

Nan ne mafi yawan takardun manazartan Hausa ke tuntuɓe, kuma dalilin ya samo asali daga yadda aka saba rubuta kundi. A kundi, ɗalibi kan buɗe da tarihin Hausawa da ma'anar al'ada da ma'anar adabi, sai a shafi na goma ake sanin inda ya dosa. Mai tantance takardar tallafi yana da tulin takardu a gabansa, kuma mai yiwuwa masanin tarihi ne ko tattalin arziki da bai taɓa jin sunan Dosara ba. Sakin layi na farko dole ya gaya masa abin da ba a sani ba, da dalilin da ya sa ya kamata a san shi yanzu, da wanda zai amfana.

A ɗauki misalin mai son yin aiki a Dosara. Idan ya sa wa takardarsa taken "Nazarin Al'adun Mutanen Dosara", bai ce komai ba. Kowane gari yana da al'adu, kuma babu abin da ya nuna aikin zai ƙare. Amma yankin yana da tarihin da ke ba da matsala ta zahiri. An kammala madatsar Bakalori a kan gulbin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina ta, ruwa ya cinye gonaki da matsugunai, aka sauya wa dubban mutane wurin zama. Rikicin diyya da rabon gonaki ya kai ga tashin hankalin watan Afrilu na 1980, inda 'yan sanda suka hallaka manoma, kuma har yau adadin da hukuma ta bayar da wanda mutanen yankin ke faɗa ba su yi kusa da juna ba. Masana irin su Beckman (1985) da Adams (1988) sun rubuta a kan al'amarin, sai dai da Ingilishi suka rubuta, kuma ta fuskar siyasa da tattalin arziki da tsarin mallakar ƙasa.

Ga manazarcin Hausa, giɓin yana wajen harshe da adabin baka: sunayen fadamu da tafkuna da unguwannin da ruwa ya rufe, da kalmomin noman fadama na gargajiya da noman rani na zamani ya ture, da yadda manoman suke ba da labarin da bakinsu. Wanda yake saurayi ɗan shekara 20 a 1980 yanzu ya haura 60. Wannan lissafi kaɗai ya amsa tambayar "me ya sa yanzu?" fiye da shafi uku na yabon muhimmancin al'ada. Take irin "Taskace Sunayen Wurare da Kalmomin Noman Fadama a Bakin Dattawan Dosara" ya nuna wuri da mutane da abin da za a tattaro.

Sai dai a yi hattara da jimlar nan da aka saba, wato "babu wanda ya taɓa yin aiki a kan wannan batu". Da wuya ta zama gaskiya, kuma ɗakunan karatun sassan Hausa na Sakkwato da Kano da Zariya cike suke da kundayen da ba a buga ba. Mai nema ya leƙa su tukuna. Ya fi ƙarfi a ce wane ya tsaya a nan, wannan aiki zai ɗora daga can. Bitar ayyukan magabata a takardar tallafi gajeriya ce, aikinta kawai ta tabbatar da giɓin.

Manufofi kada su wuce uku ko huɗu, kowace kuma ta zama abin da za a iya nunawa a ƙarshe a ce ga shi. "Bunƙasa harshen Hausa" buri ne na alheri, amma ba a auna shi. "Tattara sunayen wurare tare da taswirarsu" ana aunawa.

4.0 Hanyoyin Gudanar da Bincike

Cewa "za a yi hira da masana da dattawa" ba ta wadatar. Mai tantancewa yana son ya ga mutum nawa, ta yaya za a zaɓe su, wa zai yi hirar, a ina za a adana muryoyin. A wuri irin Dosara ana shiga ne ta hannun masarautar Maradun da hakimi da dagaci, kuma ya kamata takarda ta faɗi haka. Amma mai hankali zai ƙara da cewa ba waɗanda fada ta nuna kaɗai za a ji ba, tun da rikicin gonaki batu ne da mai mulki da talaka ba lallai su ba da labari iri ɗaya ba. Haka kuma matan aure da tsofaffin mata ba za su saki jiki da baƙo namiji ba; ayarin da babu mace a cikinsa ya yi asarar rabin labarin tun bai fita ba.

Akwai batun karin harshe. Mutanen yankin da Hausar yamma suke magana, inda ake jin "hwadama" a madadin "fadama" da "tahi" a madadin "tafi". Idan aka miƙa juyar muryoyin ga wanda zai "gyara" su zuwa daidaitacciyar Hausa, an zubar da abin da aka je nema. Takarda ta bayyana cewa za a rubuta magana yadda aka furta ta, kuma ɗan yankin ne zai duba.

Masu ba da tallafi, musamman na waje, ba sa wasa da yardar wanda aka yi hira da shi. Dattijon da ba ya karatun boko ba a tura masa takarda ya dangwala. Ana karanta masa bayanin da Hausa, a naɗi amincewarsa da muryarsa, a kuma ba shi zaɓin a sakaya sunansa. Ga wanda ya rasa ɗan'uwa a 1980, wannan zaɓi shi ne zai sa ya yi magana ko ya yi shiru.

5.0 Tsaro da Jadawalin Aiki

Wasu masu nema kan ɓoye matsalar tsaro don gudun kada a ƙi takardarsu. Wannan kuskure ne, domin mai tantancewa yana jin labaran Zamfara. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a jihar, an kuma rufe kasuwannin mako, kuma ƙananan hukumomin nan uku duk sun ɗanɗani hare-haren 'yan bindiga. Takardar da ta yi shiru a kan haka tana nuna ko dai mai ita bai san fagen ba, ko yana ɓoye wani abu. Abin da ake so shi ne shiri na biyu a rubuce: horar da mataimaka 'yan gari waɗanda ba sai sun yi doguwar tafiya ba, da shirya wasu hirarrakin a cikin garin Talata Mafara ranar kasuwa lokacin da mutanen ƙauyuka ke shigowa, da bin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Gusau ko Sakkwato. Kada a jefa ran mataimaki cikin hatsari saboda cika alƙawarin takarda.

Jadawali kuma ya bi kalandar manomi. Da damina ba a samun kowa a gida da hantsi, yankin Bakalori kuwa har da rani ana aikin shinkafa. A lissafa da watan azumi da lokacin girbi.

6.0 Kasafin Kuɗi

Kasafi shi ne hanyoyin bincike da aka mayar lambobi. Duk abin da ke cikinsa ya kasance an ambaci aikinsa a baya, duk aikin da aka ambata kuma ya sami kuɗinsa. Idan an ce mace za ta yi hira da mata, a ga alawus ɗinta. Idan an sa kwamfuta biyu alhali mutum ɗaya ke juyar murya, za a tambaya. Abin da aka fi mantawa shi ne juyar muryar kanta, wadda hirar sa'a ɗaya kan ci sa'o'i da yawa kafin ta koma rubutu, sai ma'adanar bayanai ta biyu, da na'urar caji mai amfani da hasken rana, da ɗan abin goro na dattawan da aka ɗauke wa yini.

Tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, farashin da aka rubuta yau ba shi za a tarar ba ranar da kuɗi suka fito. Kumbura lambobi ba mafita ba ce, masu tantancewa sun san kuɗin mota daga Gusau zuwa Mafara. Ya fi kyau a rubuta ranar da aka ɗauki farashin, a ware kason ko-ta-kwana idan ƙa'idar mai tallafin ta yarda. A kuma tuna cewa kuɗin ta asusun makaranta suke biyowa, kashi-kashi, kuma ba a sakin na gaba sai an kawo rahoto da rasiɗan na baya.

7.0 Harshen Takarda da Abin da Za a Bari

Kusan duk waɗannan kafofi da Ingilishi ake nemansu, ko Faransanci a wajen CODESRIA. Wannan nauyi ne na musamman a kan wanda ya yi digirinsa da Hausa, kuma babu amfanin musunsa. Dabarar da ke aiki ita ce a fara warware tunanin da Hausa har ya tsaya da ƙafarsa, sannan a rubuta shi da sauƙaƙan jimloli, a ba wani malami na wani sashe ya karanta. Inda ya tsaya ya yi tambaya, nan mai tantancewa zai tsaya. Kalmomi irin su fadama da gandu da gayya a bar su da Hausa, a yi musu bayani sau ɗaya.

Sashen sakamako shi ma kada ya tsaya a "za a buga maƙala biyu". Mutanen Bakalori sun ga baƙi masu tambaya tun zamanin awon gonaki, kuma suna da dalilin tambayar me za su samu. Takarda ta faɗi inda muryoyin za su zauna, misali ɗakin karatun jami'ar da ta ɗauki nauyin aikin, da wanda ke da ikon saurarensu. Ta tanadi ƙaramin littafin sunayen wuraren da taswirarsu, a boko da ajami, wanda za a miƙa wa makarantun Dosara da fadar Maradun, kuma kuɗin buga shi da na komawa a kai shi su fito a cikin kasafi.