Malami Mai Koyon Aiki da Yaro Mai Buƙata ta Musamman

Duk mai karatun malanta sai ya fita koyarwar gwaji kafin a ba shi takardar shaida. Wanda aka tura ajin yara masu buƙata ta musamman kuwa, aikinsa ya fi nauyi, domin darasi ɗaya ba ya isar kowa. A aji guda zai tarar da yarinya mai gani dishi-dishi, da yaron da sai an ɗaga murya yake ji, da ɗan shekara tara da bai iya riƙe fensir ba. A Nijeriya, kwalejin ilimi ta tarayya da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, ta keɓanta da horar da irin waɗannan malamai, kuma jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero suna da sassan wannan fanni.

Babban abin da ɗalibin zai koya shi ne rubuta wa kowane yaro tsarin karatu nasa shi kaɗai. Amurka ce ta wajabta wannan da doka a 1975. Takardar takan ƙunshi matakin da yaro yake yanzu, da inda ake so ya kai cikin shekara, da taimakon da za a ba shi, da yadda za a auna ci gabansa. Ana sake duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara. A rubuta "zai ƙara ƙoƙari" aikin banza ne, don ba wanda zai iya auna shi. A rubuta "kafin ƙarshen zango zai gane haruffa goma na rubutun makafi da yatsansa", kowa zai ga ko an kai ko ba a kai ba.

Dokar ta sa iyaye cikin masu tsara takardar, kuma ta yi daidai. Ɗauki misalin kurame a Kano. Suna da harshensu tun kaka da kakanni, maganar hannu, wadda ake yi a gida da kasuwa. Alamomin da ake koyarwa a makarantu kuwa sun samo asali daga na Amurka, ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. To, yaro ya shiga makaranta irin ta Tudun Maliki da alamarsa ta ruwa, da ta yunwa, da ta ciwon ciki. Wa zai faɗa wa sabon malami ma'anarsu in ba uwarsa ba? In kuma ya koyo sababbi ya koma gida ba mai gane su, rabin wahalar ta tafi a iska. Shi ya sa tsari mai kyau yakan haɗa da 'yan alamomin da mutanen gida za su koya duk mako.

Zaman da iyaye na da ladabinsa. Malamin aji ne ke jagoranta, ɗalibi yana saurare yana rubutawa. A gaisa a tsanake, sannan a fara da abin da yaron ya iya: yana ɗaure igiyar takalminsa, yana gane kuɗi. Yawancin iyayen nan sun sha yawon asibiti da gidajen masu magani, sun ji maganganun maƙwabta, kuma sun gaji da jin abin da ɗansu ya kasa. Kada ɗalibi ya raɗa wa lalurar yaro suna, wannan aikin likita ne. Kada kuma ya kai sirrin gidan mutane majalisa. In iyaye ba su yi boko ba, a karanta musu takardar da Hausa, a tambaye su abin da suka fi so a fara da shi. Sau da yawa amsarsu ita ce ya iya zuwa bayi da kansa.

Koyarwar gwaji 'yan watanni ce, saboda haka wajibi ne ɗalibi ya bar wa malamin aji cikakken bayanin inda kowane yaro ya tsaya. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su damar karatu kyauta har zuwa sakandare. Iyaye, in kun kai yaronku makaranta, ku nemi a zauna da ku, a nuna muku abin da aka tsara masa a rubuce.