Tafkin Arshe da ke cikin Hamada

A arewa maso gabashin ƙasar Cadi akwai wani ɗan gari, ana ce da shi Fada, a gindin duwatsun Ennedi. Kudu maso gabas da shi akwai wani kwazazzabo mai zurfi, sunansa Arshe. A ƙuryarsa akwai tafki wanda ba ya ƙafewa, gama ruwa yana tsattsafowa daga cikin dutse, inuwa kuwa ta kare shi daga rana. Nan makiyaya ke kai raƙuma su sha, har kashinsu ya mai da ruwan baƙi ƙirin.

Abin al'ajabi, akwai kadoji a ciki. In mun ce ƙaƙa kada ya ratsa rairayi, to, bai ratsa ba. Shekara wajen 7,000 da suka shige Hamada tana da koguna da ciyawa. Da ƙasa ta bushe, sai waɗannan suka maƙale. Kashin raƙuma ke ciyar da gansakuka, ita ta ciyar da kifi, kifi ya ciyar da kada.

Yanzu 'yan kaɗan suka rage. Saboda haka ya wajaba ga mai ziyara ya nemi jagora, ya tsaya nesa, ya bar su lafiya, don in sun ƙare ba inda wasu za su fito.