Ko Kun Sani? Yadda Ake Gane Ganga Dogarau a Ingilishi

Ganga, a ilimin nahawu, rukunin kalmomi ne mai ɗauke da aikau da aikatau, kuma ana kiranta dogarau idan ba ta iya tsayawa da kanta sai ta jingina da wata. Ɗaliban kwaleji a Madawa da Buza da Keita, waɗanda ke koyon Ingilishi bayan Faransanci, suna da gata babba a nan, domin Hausa tana sauya siffar lamirin lokaci a cikin wasu gangunan dogarau: ana cewa "sun zo", amma "mutanen da suka zo", ko kuwa "sunka zo" a karin harshen Adar, wanda Bernard Caron ya rubuta littafi a kansa a 1991. Ingilishi ba ya yin wannan sauyi, saboda haka "they came" iri ɗaya ce ko'ina, kuma dole mai karatu ya nemi kalmar da ta buɗe gangar, kamar "when" ko "because" ko "who". Wahalar tana ƙaruwa inda aka shafe "that", kamar a "the man I saw", alhali Hausa ba ta yarda a jefar da "da" a irin wannan gurbi ba.