Gertrude Berg, Matar da Ta Leƙo ta Taga

Tun kafin talabijin ya shiga gidajen Amurka, Gertrude Berg ta riga ta yi suna a rediyo. A Nuwamba 1929 tashar NBC ta fara watsa wasanta na barkwanci a kan iyalin Goldberg, Yahudawa masu ƙaramin ƙarfi da ke zaman haya a unguwar Bronx ta birnin New York. Ita ke rubutawa, ita ce kuma Molly, uwar gida mai leƙowa ta taga tana ƙwala wa maƙwabciya kira.

A 1949 wasan ya koma talabijin na CBS, kuma a 1951 Berg ta lashe kyautar Emmy.

Abin da ya fi sa masoyanta kewarta shi ne halinta. Da aka zargi Philip Loeb, mijinta a wasan, da kwaminisanci, ta ƙi korarsa. Kamfanin General Foods ya janye tallafin da yake ba wasan, CBS ta dakatar da shirin. Daga baya matsin ya fi ƙarfinta, Loeb ya bar wasan, ya kashe kansa a 1955.

Berg ta rasu a 1966.