Uwargida da Fargabar Maciji a Tsakar Gida

Da zarar damina ta kankama, ciyawa ta rufe bayan katanga, hankalin iyaye mata ba ya kwanciya, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa masu maƙwabtaka da dajin Falgore. Wata ko itace ba ta iya ɗaukowa bayan magariba. Ban ga laifinta ba.

Sai dai 'yar uwa, maciji ba ke yake nema ba, ɓera yake bi. Hatsin da ya zube a gindin rumbu, tarin kara da akurkin kaji su ke gayyato shi. A nisanta su da ɗakin kwana, a toshe ramuka, kada yaro ya zaga da dare babu tocila da takalmi. A koya wa yara azkar na safe da yamma, amma fa a haɗa da tsintsiya.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce kububuwa. 'Yar ƙarama ce, amma dafinta yana hana jini daskarewa. Sai a ga kamar mutum ya samu sauƙi, daga baya jini ya ɓalle ta dasashi ko fitsari. Don haka idan tsautsayi ya afka, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗauri da igiya. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, kada a bar shi ya taka da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti a nemi allurar kashe dafi, ko da yana cewa ya warke.

Idan kuwa gamsheƙa ce ta yi feshi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, sannan a tafi.